Donald Keyhoe: Matuƙin jirgin da ya ce gwamnatin Amurka na rufa-rufa

Wane ne Donald Keyhoe?

Ba'amurke ne, an haife shi a jihar Iowa a 1897. Ya zama matuƙin jirgin sama a rundunar Marine ta sojan Amurka, amma haɗarin da ya yi a tsibirin Guam a 1922 ya raba shi da aikin. Sai ya kama rubutu. A 1927 shi ya kula da rangadin da shahararren matuƙin jirgi Charles Lindbergh ya yi a faɗin ƙasar. Ya koma kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, ya fita da muƙamin Manjo.

Me ya haɗa shi da batun faifai mai tashi?

Daga 1947 mutane suka yi ta cewa sun ga abubuwa masu kama da faifai suna shawagi a sama. Mujallar True ta sa shi bincike, ya fitar da maƙala a Janairun 1950 yana cewa jirage ne daga wata duniya, kuma sojan sama sun sani, sun yi gum. Aka yi rububin mujallar. Mutane sun yarda da shi ne saboda ba ɗan tasha ba ne, soja ne da ya san jirgi ciki da waje. Daga 1957 zuwa 1969 ya shugabanci NICAP, ƙungiyar farar hula mai binciken irin waɗannan abubuwa, yana matsa wa Majalisa ta yi zama a kan batun a bainar jama'a.

Da gaske an taɓa toshe masa baki?

An yi. A Janairun 1958, yana magana kai tsaye a talabijin na CBS, ya bar rubutun da aka amince da shi. Nan take aka kashe sautin. Masu kallo suna ganin bakinsa na motsi, ba sa jin komai. A ganina wannan kuskuren ya ƙara masa magoya baya fiye da littattafansa.

To, yana da gaskiya?

Har ya rasu a 1988 bai kawo hujjar baƙin halittu ba, kuma rahoton Condon, na wani kwamitin masana kimiyya, ya ce babu abin da kimiyya za ta ƙaru da shi daga ci gaba da nazarin batun, aka rufe Blue Book, binciken da sojan sama ke yi a kansa, a 1969. Amma ɓoye-ɓoyen kam an yi. A 1997 wani nazari na hukumar CIA ya nuna cewa da yawa daga abin da aka gani a lokacin jiragen leƙen asiri ne irin U-2, sojan sama kuwa suka riƙa ba jama'a bayanin ƙarya don kada asirin jiragen ya tonu.