Waiwaye: Furosesocin da Windows ta bari a hanya

Tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, tambayar masu neman laftof ta hannu a Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja ta sauya. A da ƙarfin batir ake fara tambaya, yanzu kuwa sai ka ji, "Malam, tana ɗaukar Windows 11?" Mai shago ya buɗe ta ya duba 'yar takardar Intel da ke manne a gefen madannai. In furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5 ce zubi na shida ko na bakwai, a hukumance ba ta ɗauka.

Sallamar furosesa ba baƙon abu ba ne a gidan Microsoft. Windows NT, kakar wadda muke amfani da ita yau, ta fito a 1993 tana aiki a kan iri uku: x86 na Intel, da MIPS, da Alpha na kamfanin DEC. A 1995 aka ƙara PowerPC. Kafin Windows 2000 ta shigo kasuwa duk an watsar da su, saura x86 kaɗai, don shi jama'a ke saye. Wani irin furosesa mai suna Itanium, wanda Intel ya ci buri a kansa, shi ma bai kai labari ba. Tsarin bit 64 da kamfanin AMD ya fitar a 2003 ne ya kwashe kasuwar, har Intel ɗin ya bi sahu. An gwada ARM, irin na wayoyin hannu, da Windows RT a 2012, masu saye suka juya baya saboda ba ta buɗe tsofaffin manhajoji. An sake komawa kansa a 2017.

A ganina abin da ya faru a 2021, da Windows 11 ta fito, daban yake. Waɗancan furosesoci kasuwa ce ta fara yasar da su, Microsoft ya bi. Windows 11 kuwa ta yanke bit 32, ta nemi guntun tsaro na TPM 2.0, ta kuma ce a furosesocin Intel kusan sai zubi na takwas zuwa sama. Wato injinan da ke aiki lafiya lau aka rufe wa ƙofa, kuma su ne ofisoshin Turai da Amurka ke saukewa, su iso hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu a Nyanya da Kubwa.

Masu gyara sun san hanyar tsallake binciken da Windows 11 ke yi wa kwamfuta kafin ta hau, da manhajar Rufus da filashi. Tana hawa kam, amma Microsoft ya ce bai lamunce wa irin wannan kwamfuta sabuntawar tsaro ba.