Kwafar rumbun bayanai tsakanin rukunonin saba

Kwafar rumbun bayanai hanya ce ta ajiye bayanai iri ɗaya a rukunonin saba (kwamfutocin da ke riƙe bayanai suna hidimta wa wasu) biyu ko fiye, ta yadda abin da aka rubuta a ɗaya zai isa sauran. Manufarta kada aiki ya tsaya idan wuta ta ɗauke, ko na'ura ta ƙone, ko layin intanet ya katse. Da lissafi ake auna ingancin tsarin: wanda ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari na shekara, tsayawarsa ba ta kai awa 9 ba, na kashi 99.99 kuwa kimanin minti 53 ne.

Galibi rukuni ɗaya ne shugaba. Shi ke karɓar sabon rubutu, ya jera kowane canji a kundi, mabiya su karanta su maimaita bi da bi. Manhajar rumbun bayanai ta MySQL na yin haka tun siga ta 3.23. Takwararta PostgreSQL ta kawo kwafa mai gudana, wadda shugaba ba ya jiran mabiya, a siga ta 9.0 a 2010, sai mai jiran tabbaci daga mabiyi a 9.1 a 2011.

Wahalar tana wajen zaɓi tsakanin waɗannan biyun. A ce wata ma'aikatar tura kuɗi tana da rukuni a Yamai, wani a Tawa. Mutum ya tura jika goma. Idan saban Yamai ta ce "an gama" ba ta jira Tawa ba, aiki ya yi sauri, amma in ta mutu a wannan daƙiƙar, kuɗin sun fita hannunsa, Tawa ba ta da labari. Idan kuma ta jira, ba abin da zai ɓace, sai dai kowane rubutu ya yi jinkiri. Haske na gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa cikin wayar fayiba, amma tafiyar sama da kilomita 500, zuwa da dawowa, tana taruwa idan ma'amala ta kai dubbai. Ga harkar kuɗi dai, jiran ya fi.

Akwai kuma rabuwar kai: layi ya yanke, kowane rukuni ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, duka biyu su hau shugabanci, sarki biyu a gari ɗaya. Maganinsa rinjaye. Ana ƙara wuri na uku, a ce Maraɗi, ɓangaren da ya samu biyu cikin uku shi kaɗai ke rubutu. Kan wannan aka gina Raft na 2014, tsarin da rukunoni ke bi su zaɓi shugaba su daidaita kundinsu.

A Nijar, inda aka ajiye kwafin ya fi yawansa muhimmanci. Lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasar wuta a watan Agustan 2023, garuruwa da dama suka shiga ƙarancinta tare. Rukunoni biyu da ke kan layin wuta ɗaya kusan rukuni ɗaya ne, sai in kowanne da injinsa da batirinsa.

Kwafa ba ta maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin bayanan baya da ake adanawa daban. In ma'aikaci ya goge bayani bisa kuskure a Yamai, gogewar ma za ta isa Tawa nan take.