Mai Batirin Zuciya Zai Iya Yin Gashin Cutar Daji?

An sa wa Baba batirin zuciya, yanzu kuma likita ya ce sai an yi masa gashi. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma yawancin masu batirin, wato na'urar da ke daidaita bugun zuciya, suna kammala gashin lafiya lau. Amma tun ranar farko, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe kuke, ko a na ATBU da ke Bauchi, a gaya wa likitan cutar daji cewa akwai na'ura a ƙirjinsa. Kada a bari sai an tambaya.

To mene ne abin tsoron?

Hasken gashin yana iya rikita ƙwaƙwalwar na'urar ta manta saitin da aka yi mata, wani lokaci ma ya lalata ta. Shi ya sa ba a saita hasken a kanta, ana kuma ƙoƙarin kada jimillar abin da zai same ta ya wuce Gy 2, a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Sannan idan ƙarfin hasken ya haura MV 10, yakan haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da ake kira nutiron, masu bazuwa cikin ɗakin, su taɓa na'urar ko da can a mara ake gashin. Don haka nisan ciwon da ƙirji bai isa a saki jiki ba. An fi kaffa-kaffa da wanda zuciyarsa ta dogara kacokan ga batirin, da mai ICD, wato na'urar da ke ba zuciya shokin idan bugunta ya rikice. Ita akan dakatar da shokin nata yayin gashi, sau da yawa ta hanyar ɗora maganaɗisu a kanta.

Sai an cire ta ke nan?

Da wuya. Sai in tana kan hanyar hasken, kamar a wasu masu ciwon nono ko huhu, a mayar da ita ɗaya gefen.

Me za mu tanada?

Katin na'urar. Wannan ne ya fi damuna, domin da yawa a Kano, Abuja ko Indiya aka sa musu, katin kuma ya shige cikin tarkace. Ku nemo shi, ku haɗa likitan zuciya da na daji, a duba na'urar kafin farawa da bayan gamawa. In Baba ya ji jiri, faɗuwar gaba ko shokin, ko ya suma, a garzaya asibiti nan take.