Ma'anar "walwalar ma'aikata" da tambayar da ake yi bayan tashi daga aiki

Tun da aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, da wuya a kammala labarai a rediyo ba a ambaci walwalar ma'aikata ba. Idan an biya bashin albashi sai a ce walwala ce, idan an raba shinkafa da azumi ita ma walwala ce. Wannan yana damuna ƙwarai, domin albashi hakkin gumin mutum ne, shinkafa kuwa kyauta ce, kuma Bahaushe ba ya kiran ko ɗaya daga cikinsu walwala.

Yaron da ya yi kwanaki yana fama da zazzaɓi, ranar da ya sauko daga gado ya nemi abinci da kansa, ya shiga cikin 'yan'uwansa yana wasa, ranar ce uwarsa za ta ce ya fara walwala. Sakewar jiki da zuciya ke nan, wadda ake gani a fuska da tafiya, kuma mutum yana iya wayar gari da ita ya rasa ta kafin la'asar. Saboda wannan saurin sauyawa ne wasu ma'aikatu masu aikin karɓa-karɓa, musamman asibitoci da masana'antu, suke tura wa ma'aikaci gajerun tambayoyi ta waya da zarar ya tashi daga aiki, maimakon jiran doguwar takardar ƙarshen shekara, lokacin da ya riga ya manta daren da ya fi wahalar da shi.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya a Zariya wadda ta kwana a ɗakin haihuwa, ta miƙa majinyata ga wadda ta karɓe ta, tana bakin titi tana jiran keke napep zuwa Tudun Wada. Idan aka ce mata ina gajiya, ba gajiya za ta ce, idan aka ce yaya aiki, da godiya za ta ce, ko da ƙafafunta sun kumbura, domin tarbiyyarmu ke nan. Shi ya sa dole tambayar ta fita daga sigar gaisuwa: shin ta samu ta zauna ta ci abinci, awa nawa ta yi barci kafin ta fito, majinyata nawa ta riƙe ita kaɗai? Lamarin ba ƙarami ba ne, domin a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako.

A ganina sharuɗɗa biyu ne ke sa tsarin ya yi amfani. Dole a ɓoye sunan mai amsawa, in ba haka ba tsoron shugaba zai mayar da kowa ga "da godiya". Sannan idan amsoshin makonni suka nuna cewa masu aikin kwana a wani sashe ba sa samun ko zaman cin abinci, wajibi ne a gyara jadawalin aiki ko a ƙara musu mutum, kuma a sanar da su cewa amsoshinsu ne suka kawo gyaran.