Abincin gargajiyar 'yan Latino da cefanen da ke jawo ciwon suga

Jama'a barkanmu da war haka. Aikina wayar da kai ne kan lafiya a Bronx ta birnin New York, unguwar da 'yan Latino, wato mutanen da asalinsu Latin Amurka ne kamar 'yan Dominika da Puerto Rico da Meziko, suke zaune tare da mutanenmu na Gana da Nijar, bodega ɗaya, wato kantin unguwa, muke shiga cefane, to abin da muke faɗa musu mu ma ya shafe mu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a cikin 'yan Latino fiye da rabi ana sa ran za su kamu da ciwon suga nau'i na 2 a rayuwarsu, a jama'ar ƙasar baki ɗaya kuwa kusan kashi 40 cikin ɗari ne. Wallahi abin na damuna, don abincin iyayensu mai kyau ne, wake, masara, kabewa, tumatir, avokado, rogo da suke kira yuca. Wake ma kaɗai ya isa, ga gina jiki ga riƙe ciki ga arha. Matsalar tana cikin abin da aka ƙara daga baya.

Na farko lemo. Gwangwanin Coca-Cola guda akwai giram 39 na suga, kusan ƙaramin cokali 10 kenan, alhali ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce mace kar ta wuce giram 25 a rana, namiji 36. Malta ma haka, horchata, abin shansu mai zaƙi mai kama da kunun aya, ma haka, kuma irin wannan yara suke sha da kowane abinci. A mayar da ruwa, a matse lemon tsami a ciki in ana son ɗanɗano.

Sai gishiri. Garin kayan ɗanɗanonsu adobo da sazón da dunƙulen magi duk gishiri ne, mutum ya zuba duka ukun a tukunya ɗaya kuma ya ƙara gishiri, ga hawan jini nan. Iyakar sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a rana miligiram 2,300 ce. Tafarnuwa, albasa, attarugu da ganyen cilantro za su ba da ƙamshi ba sai an cika magi ba. Waken gwangwani kuma a tsiyaye ruwan a ɗauraye kafin a dafa, gishirin yana raguwa sosai.

Wajen cefane a juya bayan kaya a karanta takardar, yanzu tana nuna sugan da aka ƙara daban. Tortilla, wato siririyar gurasarsu, ta masara ta fi ta fulawa. Agada a dafa ko a gasa, ba kullum a soya ta a yi abin da suke kira tostones ba. Faranti kuma kamar yadda tsarin MiPlato, hoton rabon abinci a faranti da gwamnatin Amurka ta fitar, ya nuna, rabi ganye da kayan marmari, shinkafa kwata kawai.

Masu katin SNAP na tallafin sayen abinci a birnin New York ku je kasuwar manoma, duk dala 2 da kuka kashe ana ba ku takardar Health Bucks ta dala 2 ta sayen ganye da 'ya'yan itace, har dala 10 a rana. Masu ciki da masu ƙananan yara su nemi WIC, shirin tallafin abinci na mata da ƙananan yara, kuma kowa ya je a auna masa suga da jini ko da yana jin garau.