Aikin gandun daji ba gadi kaɗai ba ne

A nan Sakkwato, idan yaro ya ce yana son aikin gandun daji, sau da yawa sai ka ji babba ya ce, "Haba ɗana, da karatunka za ka koma gadin itace?" Maganar ta daɗe a bakin mutane. Ba laifinsu ba ne, don abin da aka saba gani shi ne malamin daji yana tare masu saran itace.

Sintiri yana cikin aikin, amma wani yanki ne kawai. Ɗauki gandun Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000. Waje irin wannan ba ya tafiya da ƙarfin ƙafa kaɗai. Akwai likitan dabbobi, akwai mai ƙidayar namun daji, akwai akanta, akwai mai zama da makiyaya da masu unguwanni a sasanta maganar kiwo, wanda a ganina shi ne ya fi wuya. Shi kansa mai sintiri sai an horar da shi: karanta taswira, gane sawun dabba a laka, rubuta rahoton abin da ya gani, da sanin dokar kama maharbi.

Ana kuma karanta fannin har difloma da digiri. A New Bussa ta jihar Neja akwai kwaleji ta musamman kan namun daji.

Mai son tabbatarwa ya duba sanarwar ɗaukar ma'aikatan gandun daji ya ga takardun da ake nema, ko ya tambayi ɗaliban fannin a jami'armu ta Sakkwato. Don Allah a tura wa iyaye da matasa.