Yana ci amma yana ramewa: abin da ƙarin daji ke yi wa ƙarfin jiki

Wata dattijuwa ta kawo mijinta ɗakin shan maganinmu a nan Sakkwato da damina. Kafin ya zauna ta riga shi magana: "Ɗiyata, shina ci, wallahi shina ci, amma abincin ba ya kama jikinai." Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce tun bayan sallar layya. Ta nuna mini mazugin wandonsa, an ƙulle shi sau biyu, zoben azurfarsa kuma an naɗa masa zare don kada ya zame. A gida an riga an yanke cewa jifa ne, an sha rubutu, an yi hayaƙi wata biyar. Da aka tura shi babban asibiti, sai aka sami ƙari a cikinsa.

Irin wannan rama masu bincike sun daɗe a kanta. A shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, wanda ya sami kyautar Nobel a 1931, ya lura cewa ƙwayoyin ƙarin daji suna zuƙar sukarin jini fiye da kima, kuma ba sa ƙona shi har ƙarshe ko da iskar oksijin ta wadata. Lafiyayyar ƙwaya kamar uwargida ce mai tattali, takan ci itacenta har ya zama toka, ta sami ma'aunin ƙarfi kusan 30 daga ƙwayar sukari guda. Ta daji kuwa sai ta babbake bakin icen ta yar, ta jawo wani, 2 kacal ta samu. Ragowar da ta yar wani sinadari ne mai tsami, jini ya kwashe shi zuwa hanta. Ita kuma hanta, baiwar Allah, sai ta kashe ma'auni 6 daga aljihun jiki don ta mayar da shi sukari, ƙarin ya sake wawushewa. Haka ake yi dare da rana, mutum yana kwance amma jikinsa na kashe ƙarfi kamar mai aiki.

Da a nan abin ya tsaya, da ƙarin tuwo ya magance shi. To amma ƙarin dajin da garkuwar jiki suna sakin wasu sinadarai masu kumburi cikin jini. Su ne ke sa kitse ya narke, tsoka ta zagwanye, kuma suna taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa, har mutum ya ji ƙanshin miya ya kawar da kai, ko loma uku ta cika masa ciki. Mai azumi ko mai yunwa jikinsa yakan fara cin kitse, ya yi ta kare tsoka. Mai wannan rama tsokarsa ke tafiya tun da wuri, shi ya sa za ka ga gefen goshi ya lotsa, tashi daga tabarma ya zama aiki. An fi ganinta a dajin ciki, na maƙogwaro da na huhu.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi: raguwar nauyi fiye da kashi 5 cikin 100 a wata 6 ba tare da mutum ya nema ba. Mai kilo 60 ke nan ya zubar da fiye da kilo 3. Sikeli yana nan a ɗakin shan magani, hawa ba ya cin minti ɗaya, sai dai a riƙa rubuta lambar a ajiye. Kuma ba kowace rama ce daji ba. Tarin fuka, ciwon suga da ƙanjamau duk suna ramar da mutum, gwaji ne ke rarrabewa, da yawa kuma maganinsu na kusa.

Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp wai a hana majinyaci abinci mai sukari don ƙarin ya mutu da yunwa. Don Allah kada ku bi. In aka hana, jiki zai narkar da tsokar majinyacin ya yi sukari da ita, ƙarin ya ci gaba da sha. Haka ɗura ma ba ta da amfani. Na ga matar da ke kuka da kwano a hannu, tana ganin mijinta ya raina girkinta ne, alhali ciwon ne ya kashe masa sha'awa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai: fura da nono mai tsabta, kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, alale, romon kifi. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta na cikin abubuwan da ke jawo dajin hanta. In yana iyawa, ya ɗan taka zuwa zaure ya dawo, motsi na riƙe tsoka.

Babban abin da ke rage wannan ɓarna shi ne maganin ƙarin kansa, tiyata ko allurai ko gashin ƙarin da na'ura, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen masu ciwon daji. Wanda ya je da sauran tsoka a jikinsa ya fi jure maganin. In za ku je, ku tafi da takardar da aka rubuta nauyinsa, da duk kwalaben da ya sha a gida, har na gargajiya.